Abin da ya kamata fasinja ya yi idan manhajar tasi ta caje shi ƙasa da kuɗin tafiya

Wata ranar Litinin da safe na kira mota ta manhajar waya daga Kubwa zuwa kasuwar Wuse a Abuja, kuma kafin direba ya iso, manhajar ta nuna mini cewa tafiyar za ta ci kimanin naira 6,500. Cunkoso ya riƙe mu a kan babbar hanya har muka shafe fiye da awa ɗaya, amma da muka tsaya a bakin kasuwa sai wayar direban ta nuna naira 2,100. Ya dubi wayar, ya dube ni ta madubi, sannan ya ce, "Malam, abin da ta nuna ke nan." Da muka bincika tare sai muka gano cewa wayarsa ta mutu tun muna wajen mahaɗar Dutse, kuma da ya kunna ta manhajar ta rufe tafiyar a nan, saboda haka duk nisan da muka yi bayan wannan wuri bai shiga lissafi ba. Na biya shi kuɗin da aka nuna mini da farko, amma ba zan ɓoye cewa zuciyata ta ɗan raya mini in miƙa masa ƙaramin kuɗin in yi gaba ba, tun da shi da bakinsa ya faɗa.

Irin wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato tun lokacin da wannan sana'a ta kafu a Najeriya. Uber ya fara aiki a Legas a 2014, ya shigo Abuja a 2016, a shekarar da Taxify shi ma ya shigo ƙasar kafin ya sauya suna zuwa Bolt a 2019, daga baya kuma inDrive ya zo da tsarin da fasinja da direba ke yin ciniki a kan farashi. A mafi yawan waɗannan manhajoji kuɗin tafiya yana fitowa ne daga kuɗin tashi, da nisan da aka yi, da mintunan da aka shafe, tare da ƙarin da ake yi idan masu neman mota sun fi motocin yawa. Kamfani yana cire kamashonsa, wanda a wasu manhajojin yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, sauran kuma na direba ne. Saboda haka duk lokacin da kuɗi ya fito ƙasa da yadda ya kamata, akwai aljihun da giɓin ya fito daga ciki, kuma aikin farko na fasinja shi ne ya gano aljihun wane ne, domin hukuncin ya dogara kacokan a kan wannan.

Ana fara wannan bincike ne kafin a buɗe ƙofar mota. Fasinja ya saba da riƙe adadin da manhaja ta nuna masa lokacin da ya kira motar, ko ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, sannan idan an isa ya kwatanta shi da abin da aka caje shi. Bambancin naira ɗari biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, domin hanya da lokaci suna sauya lissafi, amma idan kuɗin ya faɗi da rabi ko kusa da haka, to ya buɗe rasit ɗin tafiyar ya dubi taswirar da ke jikinsa: daga ina aka ɗauke shi, a ina aka ce an sauke shi, kilomita nawa aka rubuta, kuma akwai layin da ya nuna rangwame ko babu. Wannan dubawa ba ta wuce minti ɗaya ba, kuma ita ce ke raba tsakanin kyauta da kuskure.

Idan rasit ya nuna rangwame ne kamfani ya yi, to magana ta ƙare, kuɗin halal ne ga fasinja. Kamfani ne ya zaɓi ya rage farashi domin jawo masu hawa, kuma a tsarin da aka saba shi ke cike wa direba giɓin a asusunsa na manhaja. Wasu direbobin sukan yi ƙorafi idan suka ga rangwame, musamman a tafiyar da ake biya da tsabar kuɗi, domin suna bukatar kuɗi a hannu su sha mai a lokacin, kuma ƙorafin nasu abin fahimta ne, sai dai bai mayar da rangwamen bashi a wuyan fasinja ba. Abin da ba ya halatta shi ne mutum ya riƙa buɗe sababbin asusu da layukan waya daban-daban domin ya ci rangwamen da aka ware wa sabon fasinja, domin wannan yaudara ce, kuma girman kamfani ko kasancewarsa na ƙasar waje ba ya sauya sunanta.

Haka nan idan an yi ciniki an daidaita a kan farashi kafin a tashi, kamar yadda ake yi a inDrive, ko manhaja ta yanke tsayayyen farashi kuma direba ya gani ya karɓi tafiyar, to abin da aka yarda a kai shi ne haƙƙi, ko da daga baya cunkoso ya sa tafiyar ta yi tsawo. Wanda ya ƙara wani abu a irin wannan hali ya kyautata, wanda bai ƙara ba bai ci haƙƙin kowa ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne inda giɓin ya faɗa kan direba ba da yardarsa ba, kuma hanyoyin hakan suna da yawa. Akwai irin abin da ya same ni, inda waya ta mutu ko sabis ya ɗauke ko direba ya danna maɓallin kammala tafiya bisa kuskure. Akwai inda fasinja ya rubuta unguwa kawai, ya ce Lugbe ko Gwarinpa, alhali gidan da za shi yana can ciki da nisan kilomita uku ko huɗu daga inda alamar taswira ta tsaya. Akwai kuma abin da mu fasinjoji muka fi yi ba tare da mun ɗauke shi komai ba, wato "Malam direba, ɗan tsaya in karɓi saƙo a nan," ko "mu biya mu ɗauki yara daga makaranta," sai a shafe minti ashirin mota tana kunne, na'urar sanyaya mota tana aiki, ba a kuwa saka tsayawar a manhaja ba. Kuɗin shiga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ko kuɗin ajiye mota a wata kasuwa, idan direba ya biya daga aljihunsa kuma bai fito a rasit ba, shi ma yana cikin wannan sahu. A duk waɗannan an yi wa fasinja aiki ba a biya ba, kuma abin da ya wajaba shi ne ya cika kuɗin. Alƙur'ani a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ya hana cin dukiyar juna da ɓarna sai dai ta ciniki bisa yardar juna, kuma kuskuren na'ura ba yarda ba ne.

Wanda yake ganin naira dubu biyu ko uku ba za su rage direba da komai ba, ya kamata ya san yadda lissafin ranar direba yake. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a Abuja ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 ƙungiyar direbobin manhaja, wadda a lokacin ake kira AUATWON, ta shiga yajin aiki tana neman a ƙara farashi a kuma rage kamasho. Da yawa daga cikin direbobin nan motar ba tasu ba ce, suna kai wa mai ita balas duk mako, ko suna biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan, ga juyen baƙin mai, ga taya, ga data. Idan aka cire duk waɗannan, abin da ke rage masa a tafiya ɗaya ƙanƙani ne, kuma tafiya guda da aka biya rabin kuɗinta tana iya cinye ribar tafiya biyu ko uku da suka gabace ta.

Wajen ƙididdige abin da za a cika, hanya mafi sauƙi ita ce komawa ga adadin da manhaja ta nuna tun farko, idan dai ba a sauya hanya ba. Idan kuwa an ƙara nisa, fasinja ya buɗe manhajar a nan take ya rubuta inda aka rufe tafiyar da inda aka sauke shi a zahiri, ya ga abin da za ta nuna, ya biya kusan hakan. Tsayawa a hanya kuma gara a yi maganarta kafin a tsaya, a saka ta a manhaja idan tana da wurin ƙara zango, ko a yanke abin da za a ƙara, domin cinikin da aka yi kafin aiki ya fi wanda ake yi a bakin ƙofa ana sauri daɗi.

Sai kuma batun "ba komai," wanda a ganina shi ne ya fi kowane ɓangare wuyar sha'ani. Sau da yawa idan fasinja ya ce, "Kamar kuɗin nan bai cika ba ko?" direba zai ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, a bar shi." Wannan amsa tana iya zama yafiya ta gaskiya, tana kuma iya zama kunya ko tsoro, domin direba ya san cewa taurarin da za a ba shi a manhaja a matsayin makin aikinsa suna hannun mutumin da ke zaune a bayansa, kuma idan makinsa ya yi ƙasa sosai kamfani na iya rufe masa asusu. Mutumin da abincinsa ya rataya a kan yatsan wani ba kasafai yake iya cewa "cika mini kuɗina" ba. Malamai sun daɗe suna gargaɗi cewa abin da aka samu ta hanyar kunyatar da mai shi ba ya zama halal don kawai bai yi musu ba. Saboda haka kada fasinja ya tsaya a tambaya, ya ciro kuɗin ya miƙa, ko ya tura su ya nuna masa, yana cewa, "Ga cikon kuɗinka, haƙƙinka ne." Idan direba ya ga kuɗin a hannu kuma ya mayar da su da sakin fuska, ya ce ya yafe, to a karɓa a yi masa godiya, babu sauran nauyi.

Wani zai ce idan aka ba direba cikon a hannu, ai kamfani bai samu kamashonsa a kan wannan ɓangare ba. Gaskiya ne, kuma hanyar da ta fi tsabta ita ce direba ko fasinja ya shigar da ƙorafi ta sashen taimako na manhaja a nemi gyaran farashi, yadda kowa zai samu rabonsa. Idan da kati aka biya, wannan ita ce hanyar da ta dace, kuma kada a biya direba a hannu sannan kamfani ya sake cirewa daga kati, sai an yi magana an fahimci juna. Idan da tsabar kuɗi ne, fasinja ya biya direba cikakken kuɗi, abin da ke tsakanin direba da kamfani kuma amana ce a wuyan direban.

Kuskuren canji da na tura kuɗi ta banki ba sa bukatar dogon bayani. Wanda aka ba shi canji fiye da kima ya mayar. Wanda ya tura kuɗi ya nuna wa direba rasit, direba ya yarda ya tafi kafin saƙon shigar kuɗi ya iso, daga baya kuma banki ya dawo da kuɗin, to bashi ne a kansa har sai ya sake turawa, kuma lambar asusun tana nan a tarihin hada-hadarsa, babu uzurin cewa an rasa ta.

Idan sai bayan an rabu aka gano giɓin, manhajoji suna da sashen mantuwar kaya wanda ta nan ake iya samun direba, ko a rubuta wa sashen taimako a ambaci rana da lokacin tafiyar da adadin da ake ganin ya rage. Wasu manhajojin suna da wurin ba direba kyauta bayan tafiya, kuma ana iya cike giɓin ta nan. Idan an bi duk waɗannan hanyoyi ba a same shi ba, abin da malamai suka faɗa game da haƙƙin da aka rasa mai shi shi ne a yi sadaka da adadin da niyyar ladan ya tafi gare shi, tare da ƙudurin cewa idan Allah ya sake haɗa fuskoki za a sanar da shi, a biya shi idan ya nema.

Akwai kuma inda direba ya samu cikakken kuɗinsa, kamfani ne kawai ya yi asara, misali ba a cire komai daga katin fasinja ba, ko an mayar masa da kuɗi sau biyu. A nan abin da ke kan fasinja shi ne ya sanar da kamfani sau ɗaya a rubuce, a fili, ya ajiye hoton saƙon, ya kuma bar kuɗin a asusunsa na wani lokaci, domin manhaja takan rubuta irin wannan a matsayin bashi ta nemi a biya kafin tafiya ta gaba. Idan kamfani ya amsa cewa ya bar masa, ya zama nasa. Ba wajibi ba ne ya yi ta bin su da saƙonni har tsawon wata.

Duk wannan bai nufin fasinja ya biya duk abin da direba ya faɗa ba. Akwai direbobin da tun kafin a shiga mota za su ce farashin manhaja bai yi musu ba sai an ninka, ko su nemi a soke tafiyar a yi ta a bayan fage, wanda ke cire fasinja daga duk wata kariya da bibiya da manhaja ke bayarwa. Wannan sabon ciniki ne, fasinja yana da damar ya ƙi ya nemi wata motar. Wanda kuma ofishinsa ke mayar masa da kuɗin mota, ya rubuta adadin da ya fita daga aljihunsa a zahiri, idan ya cika wa direba a hannu sai ya haɗa da rasit ɗin bankin da ya tura cikon, ko ya rubuta bayaninsa a bayan takardar neman kuɗin.