Yadda Za Ka Taimaki Abokin da Firgici Ya Dawo Masa

Wanda ya tsira daga hatsarin mota ko hari ko gobara, wani lokaci bugun ƙofa kaɗai ya isa ya mayar da shi ranar da abin ya faru. Sai ka ga hannunsa na rawa, gumi ya keto masa, yana kallonka amma ba kai yake gani ba.

1. Sassauta murya, kira sunansa, ka gaya masa inda kuke da ranar da ake ciki. Kada ka taɓa shi sai ya yarda. Dafa kafaɗa ba zato kan ƙara razana shi.

2. Jawo hankalinsa cikin ɗakin. Ya lissafo abu 5 da yake gani, 4 da zai iya taɓawa, 3 da kunnensa ke ji, 2 da hancinsa ke shaƙa, sai 1 da yake ɗanɗana. Kamar wasan yara ne, amma yakan dawo da mutum hayyacinsa.

3. Ku yi numfashi tare a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo.

4. In ya natsu, kada ka tsare shi da tambaya. In ya buɗe baki, saurara kawai. Guji cewa "ai ya wuce, manta da shi". Da mantuwa a hannunsa take, da tuni ya manta.

5. In munanan mafarkai da rashin barci da gudun wurin da abin ya faru sun haura wata guda, raka shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. In kuwa ya ambaci kashe kansa, kada ka bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti nan take.