Yadda za ka ƙwato kuɗinka idan mai sayarwa a intanet ya zaftare bayan ka mayar da kaya

Ka sayi kaya a intanet, bai yi maka ba, ka mayar, sai kuɗin ya dawo da giɓi. Da ka tambaya aka ce ai ladan mayar da kayan cikin ma'ajiya ne aka cire. Mutane da yawa a nan suke haƙura, alhali mai sayarwar ɗan haya ne a kasuwar intanet ɗin, irin su Amazon ko eBay, kuma dokar mai kasuwa tana gaba da tasa.

Fara da dalilin da ya sa ka mayar, domin a kansa komai ya rataya. Idan kayan ya zo a lalace, ko ba shi ka yi oda ba, ko ya saɓa da bayanin da aka rubuta, laifin ba naka ba ne, babu hujjar cire ko sisi. Wurin cike buƙatar mayarwa, zaɓi dalilin gaskiya. Kada gaggawa ta sa ka danna cewa ka fasa ne kawai, don da wannan kalmar za a kama ka daga baya.

Sai hujja, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Kafin ka rufe kwalin, ɗauki hoton kayan ta kowane ɓangare a wuri mai haske: lambar da ke jikinsa, caja, waya, takardar bayani, har 'yar ledar da aka naɗe shi. Ɗauki bidiyo kana saka shi ciki kana manne bakin kwalin. Ajiye rasit ɗin kamfanin aika saƙo, musamman idan an rubuta nauyin kunshin, domin ranar da aka ce wani abu ya ɓace a ciki, nauyin nan ne zai tsaya maka shaida. Ɗauki hoton shafin tallar ma, mai sayarwa yana iya sauya rubutunsa gobe.

Yanzu karanta dokar kasuwar. A Amazon, kayan da ya koma yadda ya zo cikin wa'adin mayarwa ba a cire masa ladan ma'ajiya. Idan wa'adi ya wuce, ana iya cire har kashi 20 cikin 100, idan kuma ya koma da lahani ko da alamar an more shi, har kashi 50. eBay ba ta yarda da wannan caji ba, sai dai wasu masu sayarwa suna da damar rage har rabi idan kayan ya koma ba yadda ya tafi ba. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya, wanda ya saya daga ɗan kasuwa ta intanet yana da kwana 14 na fasawa ba tare da bayar da dalili ba, ban da wasu kaya kamar waɗanda aka ƙera musamman dominsa. Dokokin kasuwa suna sauyawa, ka duba na ranar da ka saya.

Rubuta wa mai sayarwar ta akwatin saƙon kasuwar kaɗai. Ko ya ja ka WhatsApp, kada ka bi, masu sasanci ba sa ganin abin da aka yi a waje. Gajeren saƙo ya isa: lambar oda, ranar da kayan ya isa hannunsa, adadin da ya cire, sashen dokar da ya saɓa, sannan ka nemi hoton lahanin da yake iƙirari. Ban da zagi, ko da ranka ya ɓaci.

Idan ya yi shiru ko ya ƙi, kai ƙara gaba. Amazon tana ba shi awa 48 kafin ka shigar da ƙorafi a tsarinta na kare masu saye, wato A-to-z Guarantee, eBay kuma kwanakin aiki 3 kafin ta shiga tsakani. Haɗa hotunanka duka. Idan ya lallashe ka cewa ka rufe ƙorafin sannan ya biya, ka ce sai kuɗi ya shigo tukuna, domin wanda aka rufe da wuya a sake buɗe shi.

Bankin da ya ba ka katin shi ne matakin ƙarshe. Nemi a dawo da adadin da aka zaftare kawai, ba kuɗin kayan gaba ɗaya ba. Kada ka je banki alhali ƙorafinka na kasuwar yana buɗe, domin masu kasuwar suna rufe nasu da zarar banki ya shigo. Tambayi bankin wa'adinsa tun farko, ka rubuta ranar a inda za ka gani.