Yadda ake shirya kai ɗan'uwa wurin likitan ƙwaƙwalwa

Idan ɗan'uwanka ya fara faɗuwa yana shure-shure, ko ya daina barci yana magana shi kaɗai, abin da ke fara ɗaure wa gida kai shi ne wane likita za a gani, domin a bakinmu duk likitan ƙwaƙwalwa ake cewa. Alhali su biyu ne. Likitan jijiyoyi yana neman lahani a ƙwaƙwalwar kanta, kamar farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki, shi kuwa likitan taɓin hankali tunani da ɗabi'a da halin zuciya yake dubawa.

Kafin ku kama hanyar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, sami takarda ka rubuta abin da jiki ya yi: ƙarfe nawa abin ya taso, minti nawa ya ɗauka, ko ya ciji harshe, ko fitsari ya kufce masa, ko ya taɓa buga kai a haɗarin babur. Idan ya faɗi yana jijjiga, kada a cusa masa cokali a baki. A kwantar da shi a gefe ɗaya. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ruɗewa ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, a garzaya asibiti nan take.

Sai kuma maganarsa, wadda a ganina ita aka fi sakaci da ita. A 1913 Karl Jaspers, likitan taɓin hankali Bajamushe wanda daga baya ya koma falsafa, ya bambanta gano musabbabin cuta da fahimtar abin da mai cutar yake ji a ransa. Saboda haka kada ka ce wa likita "ya zauce" kawai. Kawo kalmominsa yadda ya furta su, ka kuma faɗi abin da ya auku kafin nan, domin wanda aka yi wa rasuwa ya ƙaurace wa abinci kwana uku, sai an yi nazari kafin a ce cuta ce ko baƙin ciki ne irin na kowa.

Kada ka ɓoye ruƙiyya ko rubutun sha ko sassaƙen da aka ba shi. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan taɓin hankali ɗan Nijeriya da ya kafa tsarin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, da dangi da masu maganin gargajiya ya yi aiki. Ku tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, da kwalayen duk magungunan da mara lafiyar ke sha.