Yadda ake samun maganin warin hammata na gargajiya mai aiki

Gumi da kansa ba ya wari. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar hammata ne ke cin maiƙon da ke fita tare da shi, su bar wannan tsamin da muke kira warin gashi. Shi ya sa wanda ya zuba humra ko turare a kan hammatar da ba a wanke ba, sai ƙamshi da wari su haɗu su zama abu na uku da ya fi muni. Duk maganin da za a nema, a tambayi kai: yana rage ƙwayoyin nan da damshin da suke so, ko rufa-rufa kawai yake yi?

Matakin farko, a cire gashin. Gashi yana riƙe gumi, ya ba ƙwayoyin wurin zama. Addini ma ya sanya cire shi cikin tsabtar fiɗira, kada a bar shi ya wuce kwana 40. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, bai kamata a jira ko kusa da haka ba. Sannan a wanke wurin da sabulu safe da yamma, a tsane shi da tawul har ya bushe ƙayau.

Mataki na biyu, a fara da alimun. Shi ne wannan farin dutse mai kama da ƙanƙara da ake jefawa a ruwa don dattinsa ya kwanta, ana samunsa wurin 'yan koli da kuɗi kaɗan. A zaɓi dunƙule mai haske. Idan yana da kaifi, a jiƙa shi a goga a kan dutse har bakinsa ya yi santsi, don kada ya yanki fata. Bayan wanka sai a ɗan tsoma shi a ruwa, a shafa a kowace hammata har ko'ina ya samu, a bari ya sha iska kafin a sa riga. A ajiye shi a busasshen wuri, domin ruwa na cinye shi. A ganina babu abin da ya kai shi sauƙi da aiki: ba ya ɓata tufafi, ba shi da ƙamshin da zai yi faɗa da turarenka. Sai dai a sani, alimun gishiri ne mai sinadarin alminiyam, wanda danginsa ke cikin rolon na kanti. Mai ciwon ƙoda ya fara tuntuɓar likita. Kuma ba zai hana gumi fita gaba ɗaya ba, warin yake ragewa.

Mataki na uku na wanda alimun ke busar masa da fata ne. A narka man kaɗanya cokali 2 da man kwakwa cokali 1 a wuta kaɗan, a sauke, a zuba garin sitacin masara cokali 2, a juya har ya haɗe, a zuba a ƙaramar kwalba mai murfi. Sitacin yana shanye damshi. Ɗan lakuce da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba ya isa, in ya yi yawa zai bar maiƙo a farar shadda. Man kwakwa na narkewa da zarar ɗumi ya kai digiri 24, don haka a ajiye kwalbar a gindin randa ko a firij.

Akwai abubuwan da ake yawan ba da shawararsu waɗanda nake roƙon a yi hattara da su. Bekin soda yana kashe wari sosai, amma fatar mutum mai ɗan tsami ce, shi kuwa kishiyar haka ne, sai ya jawo ƙaiƙayi, ja da duhun hammata. In dole ne, kada ya wuce rabin ƙaramin cokali a haɗin can. Kanwa kada a kai ta wurin ko kusa. Lemon tsami yana raɗaɗi a fatar da aka aske, kuma idan rana ta taɓa inda ruwansa ya zuba, yana iya ƙona fata ya bar tabo.

Mataki na huɗu, gwaji. A shafa kaɗan a cikin dantse, a jira kwana 2. In babu ƙuraje, a yi mako 2 ana amfani da abu ɗaya tak, kuma kada a shafa a ranar aski. A lura da sutura: auduga na barin iska ta shiga, yadin roba na riƙe wari ko bayan wanki. Tafarnuwa da ɗanyar albasa suna fita a gumi, haka ma hulba, masu shanta sun sani.

Idan gashin hammatar ya yi wani rufi rawaya ko ja, ko gumi na jiƙa shimfiɗa da dare tare da tari da rama, a ajiye alimun a tafi asibiti.