Darasi na 9: Ɗaukar Hoton Kayan Kicin Kusa da Kusa

Mata da yawa a cikin garin Katsina daga ɗaki suke sana'a. Wata tana toya masa, wata tana daka yaji, wata kuma daddawa take sayarwa ko ƙoren fura. Hoton da suke sakawa a WhatsApp shi ne shagonsu. Sai dai sau da yawa hoton yakan fito dishi-dishi, ga duhu, ga bokiti da tsintsiya a baya, har mai saye ya rasa me ake tallatawa. A wannan darasi za ki koyi matsawa kusa da abu ɗaya ki ɗauke shi ya fito tar, da wayar da ke hannunki, Tecno ce, Itel ce ko Infinix. Ba sai kin sayi sabuwa ba.

Fara da goge idon kyamarar da ke bayan waya da ƙyalle mai laushi. Wayar da ke shiga kicin ba ta rabuwa da maiƙo, in hunturu ya shigo kuma ƙura ta ƙaru.

Haske

Nan ne aikin yake. Kicin ɗinmu yawanci akwai duhu, hayaƙi ya rine bango. Saboda haka fito da kayan bakin ƙofa ko inuwar tsakar gida. Lokacin da ya fi shi ne da hantsi ko bayan la'asar. Da rana tsaka haske yana saukowa ne ta bisa, sai inuwa ta yi baƙi ƙirin, farin abu kuma ya kashe ido.

Ɗauko ƙwarya mai zane ki gwada. Ajiye ta yadda haske zai zo mata ta gefe ɗaya, dama ko hagu. Duba yanzu: kowane tsagi ya riƙe 'yar inuwarsa, zanen ya tashi, har inda aka yi mata gyartai ana iya ƙirga ɗinkin. Juya ta haske ya buge ta gaba da gaba, sai zanen ya kwanta, ƙwaryar ta zama fili kawai. Haka abin yake ga saƙar faifai, da ramukan tanda, da ƙwayar gero a cikin mudu. In ɗaya gefen ya yi duhu da yawa, sa yaro ya riƙe farar takarda ko farin ƙyalle a wajen. Hasken zai bugi farin ya dawo kan ƙwaryar. Ranar da aka yi hazo kuwa rana ce mai kyau ga wannan aiki, domin hazon yana tausasa haske.

Kashe fitilar kyamara. A kan langa, samira ko tiren silba, ba abin da take bari sai farin tabo a tsakiya. Kuma a kula, 'yar'uwa, kaya masu ƙyalli suna nuna fuskar mai ɗauka da cikin gidanta. Duba hoton da kyau kafin ki tura wa kowa.

Nisa da riƙo

Yawancin wayoyi ba sa gani sosai in abu ya matso ƙasa da santimita 10, wato kamar faɗin tafin hannu. Matsa a hankali. Da kin ga hoton ya fara hazo, ja baya kaɗan, sannan ki taɓa fuskar wayar daidai inda kike so ya fito, misali bakin ludayi. Wasu wayoyi suna da wurin da aka yi wa alamar fure, wanda ke ba ki damar matsawa har kusan santimita 4. Kada ki jawo hoto da yatsu biyu. A yawancin ƙananan wayoyi hakan buɗa hoton kawai yake yi, sai ya farfashe.

Za ki lura in kin matsa sosai wuri kaɗan ne ke fitowa tar, gaba da baya su dushe. Ba lalacewa wayar ta yi ba. Zaɓi abin da ido zai fara sauka a kai, ki bar saura.

Hannu yana rawa ko ba ki ji ba, kuma in haske ya yi kaɗan kyamara takan daɗe kafin ta gama ɗauka, sai rawar ta shiga hoton. Manna gwiwar hannunki a jikinki, ko ki kifa turmi ki ɗora hannun a kai. In wayar tana da ƙidayar daƙiƙa 3, kunna ta, don kada dannawa ta girgiza ta. Ɗauki uku ko huɗu, ki zaɓi ɗaya.

A baya, tabarma ko faifai ko farin ƙyalle sun isa. Atamfa mai yawan zane tana janye ido daga kayan. In masa kike ɗauka, kwashe ta daga tanda tukuna, ki nisanci mai mai zafi, ki kuma bari tururi ya lafa don yana rufe idon kyamara.

Ga mai sayarwa, ina roƙon abu ɗaya: kada ki ƙara wa hoto launi. Yajin da mai saye ya gani daga Kano ko Maraɗi, shi ya kamata ya iske in ya kwance ƙulli. Ajiye cokali ko gwangwanin awo kusa da kayan don a san girmansu. Ko ba ki sayar da komai, ɗauki akushin kakarki da maburginta da tsohuwar randa. Roba ta cika kasuwa, yara da yawa ba su san sunayen waɗannan ba.

Aikin gida

Zaɓi abu ɗaya a kicin ɗinki. Ɗauke shi da hantsi, da rana tsaka, da bayan la'asar, a wuri guda. Rubuta sunansa a littafinki, da lokacin da ya fi fitowa, da dalilin da kike gani. Ki zo aji da wayar ko da littafin, za mu duba tare.