Darasi na 9: Ciwon Muƙamuƙi da Gurzar Haƙora

Kowa ya ɗora yatsa a gaban kunnensa, ya buɗe baki ya rufe. Abin da kuka ji yana motsi a ƙarƙashin yatsan shi ne gaɓar muƙamuƙi. Biyu ce, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma a cikin kowacce akwai ɗan guringuntsi mai hana ƙashi gugar ƙashi. Da ita muke tauna, da ita muke magana da hamma, ba ta hutawa sai mun kwanta. Wasu ma ko sun kwanta ba ta samun hutun.

Wata ɗaliba ta ce mini, "Malam, kullum na farka da asuba sai in ji kumatuna sun yi tsami, kaina na sarawa ta wajen kunne. Maigida kuwa cewa yake da dare haƙorana ƙara suke kamar ana niƙa." Ta sayi maganin ɗiga wa kunne har sau biyu a kemis, alhali kunnen lafiyarsa lau. Gurzar haƙora ce take yi cikin barci, ba ta sani ba. Mai yin ta ba ya jin kansa, sai na kusa da shi ya faɗa masa. Idan an duba bakin za a ga kan haƙoran ya lafe kamar an goge shi da dutse, wani lokaci ruwan sanyi ma zafi yake musu.

Babban abin da ke kawo ta damuwa ce. Mutum ya kwanta da tunanin bashi ko kuɗin makarantar yara, sai ya datse haƙora ya kwana a haka. Goro da shayi mai kauri da kofi da daddare suna ƙara ta, haka ma taba sigari. Da rana kuma mu da kanmu muke wahalar da gaɓar: taunar cingam awa da awanni, fasa ƙashi, ɓare rake, buɗe kwalbar lemo da haƙori. Wannan na ƙarshen ina roƙonku ku bar shi kwata-kwata. Yara da yawa suna gurza haƙora, kuma galibi suna dainawa idan sun girma.

Akasarin masu wannan ciwo suna samun sauƙi a gida. A koma abinci mai laushi na kamar mako 2: kunu, fate, tuwo da miyar kuka, a ajiye kilishi da aya tukuna. A jiƙa tsumma a ruwan ɗumi a ɗora a kumatu na minti 10 zuwa 15, safe da yamma, sannan a murza wurin a hankali da yatsu. In hamma ta zo, a tallafe haɓa da hannu. Farasitamol yana rage zafin. Ku kuma koyi wannan zama: leɓɓa a rufe, harshe a ganɗa, haƙoran sama da na ƙasa ba sa taɓa juna. Haka baki yake idan yana hutawa. Duk lokacin da kuka tuna, ku duba ko kun datse, ku saki.

Idan an yi makonni babu sauƙi, a je wurin likitan haƙori. Yana iya auna baki ya haɗa wata roba da ake sawa da dare don ta kare haƙora. Amma akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya. Baki ya buɗe ya ƙi rufuwa bayan hamma: gaɓar ce ta goce, kada a bari wani ya danna ta da ƙarfi a gida. Kumburin fuska da zazzaɓi. Baki ya sandare bayan an taka ƙusa ko an ji rauni, wanda yana iya zama ciwon sarƙe haƙora. Ciwon muƙamuƙi tare da ciwon ƙirji da gumi, wanda yana iya zama na zuciya. Duk waɗannan asibiti za a nufa nan take.

Aiki: ku jera yatsu 3 a tsaye ku gwada sa su tsakanin haƙoranku na gaba. Baki mai lafiya yakan ɗauke su ba tare da zafi ba. Ku rubuta a littafinku yatsu nawa suka shiga, da abu ɗaya mai tauri da kuka tauna jiya.