Kurakuran da sabbin malamai ke yi a darasin halojin

Duk shekara sai na zauna a bayan aji ina kallon sabon malami, kuma da zarar an iso rukuni na 17 na jadawalin sinadarai, wato halojin (su fulorin, kilorin, biromin da ayodin), sai in ga ya yi tuntuɓe daidai inda na bara ya yi. Na gaji da jan kunne ɗaya bayan ɗaya, gara in rubuta kowa ya karanta.

Bari in fara da wanda ya ci ni. A shekarata ta biyu da fara koyarwa na shirya gwajin gano halayid (kilorayid, biromayid ko ayodayid) da sinadarin AgNO₃. Ƙa'ida ita ce a fara ɗiga asid ɗin HNO₃ mai ruwa-ruwa domin ya kawar da kabonet. Kwalbar HNO₃ ta ƙare, sai na ce ai asid asid ne, na miƙa wa yara HCl. Kowace kwalbar gwaji ta yi fari fat, har da wadda ruwa zalla ne a ciki. Na tsaya ina zare ido, ina zargin yara da rashin wanke kaya, har wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi HCl ɗin ba kilorayid ne a cikinsa ba?" Kamar ƙasa ta tsage in shige. Da hannuna na zuba abin da nake nema. Tun daga ranar, kafin wannan darasi nake kwashe duk kwalaben HCl in kulle a kabad, kuma ba na shiga aji da gwajin da ban yi shi ni kaɗai da yamma ba. Wasu na cewa na cika tsanani. Su suka sani.

Kada kuma ka dogara da launi kaɗai. Fari na AgCl, ruwan madara na AgBr da ruwan ɗorawa na AgI, a allo ne suke da sauƙin bambancewa. Ka ƙarasa da amoniya: AgCl na narkewa a mai ruwa-ruwa, AgBr sai a mai ƙarfi, AgI ko gezau.

Na biyu shi ya fi ƙona mini rai, saboda lalacin baki ne kawai. Malami ya ce "kilorin" alhali kilorayid yake nufi. Haba malam! Kilorin (Cl₂) iska ce mai guba, kilorayid (Cl⁻) kuwa yana cikin gishirin da ke jinin yaron da kake koya wa. In ka cakuɗa su, ta yaya zai gane cewa kilorin ne ke ƙwace ilektiron daga biromayid, ya bar biromin a ruwa? Sai ka ga ya rubuta "kilorayid ya kori biromin", ka ja masa jan biro, alhali daga bakinka ya ɗauka. A ajina duk wanda ya ambaci suna sai ya rubuta alamarsa a allo, har da ni.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin maki. Kada ka ce komai na raguwa a jere daga fulorin zuwa ayodin: ƙarfin da kilorin ke saki in ya karɓi ilektiron, 349 kJ/mol, ya fi na fulorin, 328. HF asid ne mai rauni duk da tsananin haɗarinsa, HI ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan biromin ya tafasa a digiri 59 na Celsius, ɗaurin Br–Br na nan daram, jan da ke tsakanin ƙwayoyin ne ya saki. Ayodin ma yana narkewa, a digiri 114, ba kullum yake tashi hayaƙi kai tsaye ba. Busasshen kilorin ba ya kashe launin busasshiyar takardar litmos, sai an jiƙa ta.

Shi kuwa haɗa kilorin a buɗaɗɗen teburi, kada ka fara. In babu akwatin zuƙe hayaƙi, yi amfani da ɗigo biyu-uku a rufaffen faranti, ka kuma tambayi masu asma kafin ka buɗe kwalba. Ka duba rubutun jikinta sau biyu, kada ka ɗauko H₂SO₄ a maimakon HCl ɗin da ake zubawa a kan KMnO₄ don samar da kilorin, domin H₂SO₄ mai ƙarfi a kan KMnO₄ yana iya fashewa.